Koyon Buɗe Kwaɗo Ba Tare da Mabuɗi Ba: Daga Ina Mai Koyo Zai Fara?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ga bidiyon mutanen da ke buɗe kwaɗo da wasu ƴan ƙarafa sirara ba tare da mabuɗi ba, abin ya ba shi sha'awa, kuma yana so ya koya don nishaɗi da kuma sanin yadda makulli ke aiki. Yana neman ya san daga ina zai fara, da irin kayan aikin da zai nema, da kuma ko mutane ba za su ɗauke shi ɓarawo ba.

Ƙanena, na ji daɗin tambayarka, domin a sana'armu ta gyaran makulli da yankan mabuɗi ba kasafai ake samun matashin da ke son sanin abin da ke cikin kwaɗo ba. Yawanci sai mabuɗi ya ɓace ake tunawa da mu. Shawarata ta farko ita ce kada ka fara da sayen kayan aiki. Ka fara da fahimtar abin da ke faruwa a cikin makullin, sannan ka horar da hannun da ke murɗawa, domin kusan dukan ƙwarewar a can take, ko da yake masu ɗaukar bidiyo hannun da ke riƙe da ƙugiya suka fi nunawa.

Mafi yawan kwaɗunan tagulla da ake sayarwa a Babbar Kasuwa, irin su Tri-Circle da ake kawowa daga ƙasar Sin, da makullan ƙofa irin na Vachette ko Yale, tsari ɗaya suke bi. A tsakiyar makullin akwai wani dunƙulen ƙarfe zagayayye wanda mabuɗi ke shiga cikinsa ya juya shi, wato zuciyar makullin, kuma tana zaune ne a cikin gangar jikinsa. An huda ramuka a jere waɗanda suka ratsa gangar jikin suka shiga cikin zuciyar, yawanci biyar ko shida a makullin ƙofa, uku ko huɗu a ƙaramin kwaɗo. A kowane rami akwai ƴan ƙusoshi biyu, ɗaya a kan ɗaya, da sifirin, wato ɗan ƙarfe mai tsalle, da ke danna su ƙasa. Ƙusar ƙasa ita ce mabuɗi ke taɓawa, kuma tsayinta ya bambanta daga rami zuwa rami. Ƙusar sama ita ce mai tsaro, domin idan babu mabuɗi a ciki rabinta na cikin zuciya, rabinta na cikin gangar jiki, saboda haka zuciyar ba ta da halin juyawa. Haƙoran mabuɗin gaskiya suna ɗaga kowane rami daidai gwargwadon da zai sa mahaɗar ƙusoshin biyu ta tsaya a kan iyakar da ke tsakanin zuciya da gangar jiki. Da zarar dukan mahaɗun sun daidaita a kan wannan iyaka, babu sauran abin da ya gitta, sai zuciyar ta juya.

Wannan tsari Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya daidaita shi a siffar da muka sani yau, ya yi masa rajista a 1861 da 1865, bayan aikin da mahaifinsa ya fara. Amma asalin dabarar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. Mutanen Misira na dā sun yi makullan itace masu ƙusoshin da ke faɗawa cikin sakata saboda nauyinsu, kuma har yau ana ganin irinsu a ƙofofin rumbunan Dogon a ƙasar Mali. Su kuwa maƙeran Buzaye na wajen Agadas, kwaɗon da suke ƙerawa don rufe jakar fata da ƙarfe mai tsalle yake aiki, wani ma sai an bi mabuɗai biyu ko uku bi da bi kafin ya buɗe. Idan ka samu irinsa ka saya ka ajiye, domin yana koyar da cewa hanyoyin kulle abu suna da yawa.

Yanzu ga tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: idan sai dukan ƙusoshin sun daidaita a lokaci ɗaya, ta yaya mutum zai ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe guda? Amsar tana cikin kuskuren ƙira. Babu injin da ke huda ramuka biyar a kan miƙaƙƙen layi cif-cif, kuma babu ƙusoshi biyar da kaurinsu ya zo ɗaya sak. Akwai ɗan bambancin da bai kai kaurin gashi ba, wanda ido ba ya gani. Saboda haka idan ka ɗan murɗa zuciyar ba tare da mabuɗi ba, ba dukan ƙusoshin ne ke tare ta ba. Guda ɗaya ce take fara matsewa tsakanin zuciya da gangar jiki, sauran kuwa suna sake. Idan ka ɗaga wannan da ta matse har ƙusar sama ta haye iyaka, zuciyar za ta ɗan juya kaɗan, gefen raminta ya shiga ƙarƙashin ƙusar saman ya riƙe ta, ba za ta iya komowa ba. Nan take nauyin zai koma kan wata ƙusa, ita ma ta matse. Haka za ka bi su har ta ƙarshe. Ka lura cewa makullin ne ke zaɓar wadda za ta fara matsewa da wadda za ta biyo baya, ba kai ba, kuma kowane makulli da nasa jerin, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su a rana ɗaya. Aikinka shi ne ka gano jerin.

Kayan aiki biyu kawai kake bukata. Na farko shi ne ƙarfen murɗi, wato ɗan ƙarfe mai faɗi da aka lanƙwasa kansa, wanda ake sa shi a bakin ramin mabuɗi don a riƙa juya zuciyar. Na biyu kuwa gajeriyar ƙugiya ce, siririya, mai ɗan lanƙwasa a baki, wadda ake ɗaga ƙusoshi da ita. Waɗancan jakunkunan da ake tallarsu a intanet masu ƙarafa ashirin ko talatin, yawancin abin da ke cikinsu ba za ka taɓa amfani da shi ba, kuma masu araha daga cikinsu suna da kauri da kaushi. Ba lallai ne ma ka jira a kawo maka daga Kano ko Yamai ba. Ka je wurin masu gyaran mota ka roƙi tsohuwar robar goge gilashi. A jikinta akwai ƙarafa biyu dogaye sirara marasa tsatsa, waɗanda babu abin da ya fi su dacewa da ƙarfen murɗi. Ka yanke kamar tsawon yatsa ɗaya da rabi, ka lanƙwasa kamar santimita ɗaya na kansa da awartaki, shi ke nan. Ƙugiya kuwa ana iya fitar da ita daga wannan ƙarfen ko daga tsohon zarton yanka ƙarfe, a goge da magagari har wuyanta ya sirance. Kaurin da ƙwararru suka fi amfani da shi kusan milimita 0.6 ne, ga makullan Turai masu ƙunƙuntar hanya kuwa 0.4 zuwa 0.5. Idan da injin wasa wuƙa kake gogewa, ka riƙa tsoma ƙarfen a ruwa a kai a kai, domin da zarar ya yi zafi har ya koma shuɗi ya rasa ƙarfinsa, kuma ka kāre idonka daga tartsatsi. Bayan haka ka bi ta da takardar goge ƙarfe mai laushi har ta yi santsi. Kada ka raina wannan gugar ta ƙarshe: ƙugiya mai kaushi tana maƙalewa a jikin tagulla, sai ka riƙa jin kaushin ƙugiyarka kana zaton motsin ƙusa ne. Fil da ƙarfen kitso da ake gani a finafinai kuwa, suna da taushi, sau da yawa lanƙwashewa suke yi.

Game da makullin da za ka fara koyo a kansa, akwai kwaɗo mai jikin roba garai-garai wanda ake ganin cikinsa. Yana da amfani na yini ɗaya ko biyu, don ido ya ga abin da na bayyana a sama. Bayan haka ka ajiye shi, domin yana koya wa mutum dogaro da ido, alhali a makullin gaskiya ba za ka ga komai ba. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka je wurin masu yankan mabuɗi a kasuwa, ka gaishe su da ladabi, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake so, ka sayi tsofaffin makullan ƙofa biyu ko uku da mabuɗansu daga cikin waɗanda aka canja. Ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya warware ɗaya a gabanka. Za ka ga yana sa mabuɗi, ya ɗan juya zuciyar, sannan ya turo ta waje da wata sanda mai kaurinta daidai, don kada ƙusoshin sama da sifirin su zubo. Idan za ka yi da kanka, ka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin babban faranti, ka tanadi hantsaki, ka kashe fanka, domin sifirin ɗin nan ƙanana ne ƙwarai kuma tsalle suke yi, wanda ya faɗa cikin rairayin tsakar gida ya tafi ke nan. Ka jera ƙusoshin a kan ƙyallen bisa jerin ramukansu, kada su cakuɗe.

Daga nan sai ka mayar da rami ɗaya kawai, sauran ka bar su fayau. Makulli mai ƙusa ɗaya kowa zai buɗe shi, amma ba buɗewar ake nema ba. Abin da ake nema shi ne yatsunka su san yadda ƙusar take idan ba a murɗa ba, da yadda take idan an murɗa, da irin ɗan motsin da ake ji lokacin da ta haye iyaka. Ka maimaita har abin ya zauna maka, sannan ka ƙara rami na biyu. A nan ne za ka fara ganin maganar jerin da na yi: ɗaya za ta matse, ɗaya ta sake. Sai na uku, sai na huɗu, sai na biyar. Wanda ya bi wannan hanya a hankali yakan wuce wanda ya fara da cikakken kwaɗo yana cusa ƙarfe yana fatan sa'a, ko da shi wancan ya riga shi ganin kwaɗo ya buɗe.

Yanzu bari in tsaya a kan murɗi, domin a nan ne kusan duk mai koyo ke tuntuɓe. Ka riƙe kwaɗon a tafin hannun hagu idan kai na-dama ne, ka sa kan ƙarfen murɗin a gefen ramin mabuɗi inda ba zai tare wa ƙugiya hanya ba, ka ɗora ɗan yatsa ɗaya a kan wutsiyarsa, ka danna ta wajen da mabuɗi ke juyawa. Ɗan yatsa ɗaya na ce, ba hannu duka ba. Idan ka duba farcenka ka ga ya yi fari saboda dannawa, to ƙarfin ya yi yawa. Mai koyo yana ganin tun da makulli ƙarfe ne sai an nuna masa ƙarfi, sai ya murɗa har ƙusoshi biyu ko uku su cije lokaci ɗaya. Daga nan ba ya iya bambanta su, yana tura ƙugiya da ƙarfi, ƙugiyar ta lanƙwashe ko ta karye a ciki. Idan kuma murɗin ya yi sanyi da yawa, babu ƙusar da za ta matse, wadda ka ɗaga ma sai ta komo. Daidai ɗin yana tsakani, kuma ba ɗaya ba ne a kowane makulli. Kwaɗon da ke da sifirin mai mayar da zuciya baya yana son ɗan ƙarin ƙarfi fiye da makullin ƙofa. Tsohon makulli da ƙura ta cika shi ma haka. Ba kuma a kan ƙarfi ɗaya ake tsayawa daga farko har ƙarshe ba: ni nakan ɗan ƙara murɗi lokacin da nake neman wadda ta matse, don ta bayyana sosai, in na same ta sai in sassauta kaɗan lokacin ɗagawa, don ta hau a hankali ba tare da ta zarce ba. Wannan ƙarawa da ragewa ita ce sana'ar, kuma babu bidiyon da zai iya nuna maka ita.

Da ƙugiyar kuwa, riƙon alƙalami ake yi mata, a jingina ɗan yatsa ɗaya a fuskar kwaɗon don hannu ya samu madogara. Ka tura ta har ƙurya, ka jawo ta a hankali kana ƙirga ƙusoshin da bakinta ke taɓawa, domin dole ne a kowane lokaci ka san a ƙarƙashin ta nawa kake. Hali huɗu za ka tarar da ƙusa a ciki. Akwai wadda idan ka ɗaga ta take tafiya da laushi, sifirin na maido ta. Wannan lokacinta bai yi ba, ka bar ta. Akwai wadda ta yi tauri, kana jin tana gogar bango. Ita ce abin nemanka, ka ɗaga ta sannu a hankali har ka ji ɗan ƙaramin "ƙas" a ƙugiya, ko ka ji ƙarfen murɗi ya ɗan matsa gaba ƙarƙashin yatsanka. Sau da yawa yatsan hagu ne ke fara jin labarin kafin kunne. Akwai wadda ta riga ta zauna: ƙusar ƙasa tana lilo ba nauyin sifirin a kanta, in ka ɗaga ta sai ta yi ɗan tafiya ta ci karo da abu mai tauri, wannan ta gama, kada ka ƙara taɓa ta. Ta huɗun ita ce mai wahalarwa, wato wadda ka ɗaga ta zarce, har ƙusar ƙasa ta shiga iyakar ta gitta. Alamarta ita ce komai ya tsaya, sauran ƙusoshi duka su yi laushi ko su yi shiru, ita kuma ta maƙale a sama ba ta saukowa. Maganinta shi ne ka sassauta murɗi kaɗan-kaɗan har ka ji ta faɗo, ko kuma ka saki gaba ɗaya ka sake farawa. Idan ka kara kwaɗon a kunne lokacin da kake saki a hankali, za ka ji ƙusoshin na faɗowa ɗaya-ɗaya, ka ƙirga ka san nawa ka riga ka zaunar.

Akwai wata hanyar da ake amfani da ƙarfe mai haƙora kamar na manjagara, a riƙa ja da turawa da sauri a kan ƙusoshin duka tare da murɗi mai sauƙi, har su zauna bisa dace. Tana buɗe kwaɗo mai araha cikin ɗan lokaci, shi ya sa take burge masu kallo. Ka koye ta daga baya. Ba ta koyar da hannu komai, tana cinye tagullar makulli, kuma a gaban makulli mai kyau ba ta da tasiri.

Idan ka fara buɗe kwaɗuna masu sauƙi ba tare da wahala ba, wata rana za ka haɗu da wanda zuciyarsa za ta juya sosai kamar zai buɗe, sannan ta tsaya cak. Wannan alama ce ta cewa an sa masa ƙusoshin tsaro. Wadda aka fi sawa ƙusar sama ce mai siffar kalangu, kai da gindi masu faɗi, tsakiya a tsuke. Idan tsukakken ƙugunta ya zo daidai iyaka, zuciyar takan samu sarari ta juya, sai mai koyo ya zaci ya gama. Yadda ake gane ta shi ne idan ka ɗaga ta za ka ji ƙarfen murɗi yana turo yatsanka baya, domin faffaɗan gindinta na neman hanyar wucewa. A nan sai ka bi ta, ka bar zuciyar ta ɗan koma baya kana ci gaba da ɗagawa, har gindin ya haye. Wani lokaci wata ƙusar da ka riga ka zaunar za ta faɗo a garin haka, sai ka koma ka ɗauko ta. Akwai kuma mai tsaga-tsaga a jiki, wadda ke ba da "ƙas" na ƙarya sau biyu ko uku kafin na gaskiya. A ganina daga nan ne wasan ke fara daɗi na haƙiƙa.

Ba kowane makulli ne ke bin tsarin Yale ba, kuma bai kamata ka ɓata lokaci a kan sauran tun yanzu ba. Makullan tsofaffin ƙofofin kanti da akwatunan ajiyar kuɗi masu dogon mabuɗi da faranti-faranti suke aiki, tsarin da Robert Barron ya inganta a Ingila a 1778, Jeremiah Chubb kuma ya ƙara masa dabarar tona asirin mai taɓawa a 1818. Akwai masu fayafayai da ke juyawa ba tare da sifirin ba, waɗanda Emil Henriksson ya ƙirƙiro a ƙasar Finlan a 1907, su ne asalin makullan kamfanin Abloy, kuma ana samun kwaikwayonsu a kwaɗunan babura. Akwai kuma na ƙofofin ƙarfe na zamani masu mabuɗi mai ramuka a gefe. Kowannensu da irin kayan aikinsa.

Abu ɗaya da ya shafi garinmu musamman shi ne ƙura. Daga shigowar hunturu har zuwa bazara, makullin da ke waje yana cika da ƙura mai laushi, mutane kuma sukan ɗiga masa man inji ko ma man gyaɗa. Man yana kama ƙurar ya zama ƙulli, ƙusoshi su daina motsi, sifirin ya kasa maido su. Tsohon makullin da ka sayo don koyo, ka fara wanke shi da kananzir, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka kankare bakin fensir ka hura garin a ciki, ka sa mabuɗi ka juya sau da yawa. Makulli mai datti ba ya ba da labarin gaskiya ga hannu, kuma yakan sa mai koyo ya ɗauka shi ne ya kasa.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce mafi nauyi. Tsoron da kake ji yana da tushe, kuma ba a yau aka fara wannan muhawara ba. Wani maƙerin makulli mai suna Joseph Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar kantinsa a Landan tun 1790, da alkawarin tsabar zinariya 200 na kuɗin Ingila da ake kira gini ga duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗi ba. Sai a 1851 wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya buɗe shi, bayan aikin awa 51 a cikin kwana 16, kuma a wannan shekarar ya buɗe na Chubb. Jama'a suka yi ta ce-ce-ku-ce cewa bayyana raunin makulli koyar da ɓarayi ne. Hujjar da Hobbs da masu ra'ayinsa suka kawo ita ce ɓarayi sun riga sun san sana'arsu, mai dukiya ne kaɗai aka bari a cikin duhu. Abin da nake gani a aikina ya gaskata wannan. Shagunan da ake kira na in gyara bayan an shiga, kusan kullum ɓalle maratayin kwaɗon aka yi, ko aka yanke shi da almakashin ƙarfe, ko aka bi ta rufi. Ɓarawo ba shi da haƙurin zama yana lallashin ƙusoshi. A Turai ma abin ya zama wasa mai ƙungiyoyi da gasa: an kafa ƙungiyar SSDeV a Jamus a 1997, akwai kuma TOOOL da ta samo asali a ƙasar Holan. Tun kafin su, Sarkin Faransa Luwi na 16 ya shahara da sha'awar ƙera makullai da warware su.

Waɗannan ƙungiyoyi suna da ƙa'idoji biyu da nake so ka riƙe da gaske. Kada ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi, a bayyane, yana sane. Kuma kada ka yi gwaji a kan makullin da ake amfani da shi, ko da naka ne, domin ƙugiya na iya karyewa a ciki, ko sifirin ya murƙushe, ka wayi gari ƙofar ɗakinka ko ta shagon mahaifinka ba ta buɗuwa. Ƙofar gidan haya ma ba taka ba ce, ta mai gida ce. Ni zan ƙara maka na uku saboda yanayin wurinmu: ka bar kayan aikinka a gida. Dokar hukunta laifuffuka ta ƙasarmu, wadda ta gaji tsarin ta Faransa, tana ɗaukar sata da mabuɗin ƙarya a matsayin laifi mafi nauyi fiye da sata zalla, kuma matashin da ƴan sintiri suka tsayar da dare suka samu ƙugiyoyi a aljihunsa zai sha dogon bayani, ko da zuciyarsa fari ce fes. Ban da hukuma, akwai bakin mutane. Maraɗi gari ne na kasuwanci, inda amana ita ce jarin mutum, kuma unguwa ba ta mantuwa. Idan ka riƙa nuna bajinta a majalisar shayi kana buɗe kwaɗunan abokai, ranar da aka nemi wani abu aka rasa a layinku sunanka ne zai fara zuwa bakin mutane. Ka sanar da mahaifinka ko yayanka abin da kake koyo tun daga farko, ka yi shi a fili a cikin gida. Yara ƙanana kuwa kada ka koya musu, haka duk wanda tambayarsa ta karkata ga wata ƙofa takamaimai.

Wata rana maƙwabci zai zo ya ce mabuɗinsa ya ɓace, ka taimaka. Mu da muke sana'ar ba ma buɗewa sai mun tabbatar mai kiran shi ne mai wurin, kuma muna son a samu shaida, ko mai unguwa ko wani dattijo da ya san gidan. Idan ɗakin mace ne ko akwatinta, sai ita da bakinta. Idan akwai rigimar gado ko ta haya ko ta aure a kan ƙofar, ka ba da haƙuri ka janye, domin wannan aikin hukuma ne.

Amfanin da za ka fara gani a zahiri shi ne za ka iya zaɓa wa gidanku makulli da ilimi. Za ka gane cewa nauyin kwaɗo da ƙyallinsa ba su ne ƙarfinsa ba, kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. A lissafi, ramuka biyar masu zurfi iri goma suna iya ba da mabuɗai 100,000 mabambanta, amma masu ƙera na araha kaɗan suke amfani da su daga ciki, shi ya sa wani lokaci mabuɗin wani ke buɗe kwaɗon wani. Za ka riƙa duba yawan ƙusoshi, da ko wuyan kwaɗon ƙarfe ne mai tauri, da ko ƙwallayen ƙarfe ne ke riƙe wuyan ta ɓangarori biyu ko kuwa ɗan harshe mai sifirin ne wanda siririn gwangwani ke iya turewa. Za ka kuma duba maratayin da ƙusoshin da aka kafa shi da su, domin kwaɗo mai tsada a kan maratayi mai rauni asarar kuɗi ce.

Kafin ka bar makulli ɗaya ka koma wani, ka gwada kanka da wannan: ka rufe ido ka buɗe shi, kana faɗin lambar kowace ƙusa da ka zaunar da jerin da suka bi. Idan ka iya yin haka sau da yawa a jere, ka san shi. Idan buɗewa kawai yake yi ba ka san dalili ba, da saura. Kada kuma ka daɗe a kan guda ɗaya, domin hannu yakan haddace shi ya daina saurare. Ka sauya wa ƙusoshin makullin koyonka wuri, ka sa doguwa a gaba da gajeriya a bayanta don ka koyi kai ƙugiya ƙurya ba tare da ka ture ta gaba ba, ka kuma riƙa musayar tsofaffin kwaɗuna da masu yankan mabuɗin da ka saba da su. Zama na minti ashirin kullum ya fi na yini guda a mako, kuma da ka ji yatsunka sun gaji ko ranka ya fara ɓaci, ka ajiye sai gobe. Idan bayan wasu watanni ka ga sha'awar tana nan, ka nemi ɗaya daga cikin masu sana'ar ya yarda ka riƙa zama a rumfarsa ranar da ba ka da darasi, domin a can ne za ka koyi yankan mabuɗi, da sauya ƙusoshin makulli don tsohon mabuɗi ya daina aiki, da ɗaura makulli a ƙofa yadda ya kamata.